Man da Maigida Ya Zuba

Shekara ɗaya da wata biyu na yi ina gadin lita bakwai na man inji, kuma duk tsawon lokacin ina yi wa kaina kallon mace mai wayo.

Motar ta maigidana ce, irin mai buɗaɗɗen bayan nan mai shan gazuwal, wato man dizal, wadda muke kira bashe. Da ita yake bin kasuwanni, daga Madawa zuwa Bangi da Urno, wani lokaci ya hau dutsi ya bi ta Buza har Keita, ya kai albasa ya dawo da wake da awaki da masu awakin. Ita ce gonarmu, ita ce rumbunmu. Ni da ƴaƴa huɗu a jikinta muke ci. Komai zai iya bar wa makanisiye ya yi masa, ban da bidanji, wato juye tsohon man inji a zuba sabo. Wannan da hannunsa yake yi, a ƙofar gida, ya kwanta bisa buhu ƙarƙashin mota yana ƴar waƙarsa marar daɗi.

Bidanjin ƙarshe da ya yi, da sabuwar robar wankina ya tari baƙin man. Na fito na tarar da ita ta cika ta yi ƙirin. Ina da baki, ban taɓa ɓoye wannan ba, kuma ranar na yi amfani da shi sosai. Sai ya miƙo mini mazurari ya ce in riƙe. Na riƙe ina faɗa, yana zuba sabon mai yana dariya, ya ce zai sayo mini roba biyu. Da ya gama ya rubuta lambar kilomita a ɗan kwali ya rataya kusa da sitiyari, kamar yadda ya saba. Kwana huɗu bayan haka zazzaɓi ya kwantar da shi. Kafin mako ya zagayo Allah ya karɓi abinsa.

Ina cikin takaba motar ta koma hanya, don ciki ba ya takaba. Wanda ya karɓi tuƙin abokin maigida ne tun suna yara, dattijo mai sanyin magana, Kirista ne, ya yi shekaru yana jan motar likitar mishan kafin ya aje aiki. Can ya koyo ɗabi'ar duba mota kowace safiya kamar mai duba jariri. Wata rana ya aiko a gaya mini lambar da ke kan kwali ta cika, lokacin bidanji ya yi. Na aika masa cewa a dakata. Ya sake aikowa, na sake cewa a dakata. Da na fita takaba ya zo da kansa, ya zauna a zaure ya yi mini bayani cikin haƙuri: man inji yana mutuwa kamar man tuya da aka yi ta maimaitawa, in ya mutu ƙarfe ya ci ƙarfe, inji ya buga, kuma injin da ya buga ba mu da ƙarfin tada shi. Na saurare shi har ya gama, sannan na ce mai ya yi tsada, kada wanda ya taɓa shi.

Ƙarya nake yi. Man da ke cikin injin nan shi ne abu na ƙarshe da maigida ya zuba da hannunsa, ina riƙe da mazurari, ina zaginsa a kan roba. Tufafinsa an raba, takalminsa an bayar, har carbinsa ƙanensa ya ɗauka. Man nan kaɗai ya rage wanda ba wanda ya yi tunanin rabawa, kuma kowace safiya in an tada mota sai in ji yana zagayawa a ciki da ɗuminsa. Ina kewar mutumin nan har ƙashina. Amma mace mai ƴaƴa huɗu, furfura ta fara leƙowa, ta fito ta faɗi haka da wane ido? Gara a ce ni marowaciya ce. Aka kuwa faɗa, a unguwa da tasha, na ji daɗi ƙwarai.

Don in rufe bakin direba, sai na zama mai hannu sake a kan duk sauran abubuwa. Filtar gazuwal, wadda ke tace dattin mai kafin ya shiga inji, a canza ta ko lokacinta bai yi ba. Filtar iska a kai wa mai faci ya hure ta, in ta gaji a sayo sabuwa. Ruwan radiyato, man birki, man giya, duk na koyi sunayensu ina tambaya ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran sunan ɗalibai a lakwal. In man inji ya ragu na yarda a ƙara kaɗan a kai, don na yi wa kaina fatawa cewa tsohon yana nan, yadda ake barin ɗan tsohon nono a ƙwarya a zuba sabo. Abin da na hana biyu ne kawai: kwance ƙusar ƙasa da ake juye mai, da taɓa filtar man.

Kowace safiya kafin su tashi, nakan fito in sa a buɗe gaban mota, in zaro ƙarfen awon mai da kaina. In ga ya fito baƙi ƙirin, in murza a yatsa, in sunsuna in ba mai kallo. In leƙa filtar man in ganta dumu-dumu da datti yadda na santa. In dubi kwali da rubutunsa yana lilo. Sai in ce su tafi, Allah ya tsare. Direba yana tsaye gefe, hannu a baya, ido a ƙasa. Na ɗauka ladabi ne. Ban taɓa tambayarsa ko an taɓa man ba, don a ganina babu mahaluƙin da ya isa ya ƙetare maganata.

Wata shida, wata takwas, shekara, mota tana tafiya lafiya lau, ko tari ba ta yi. Nan fa kaina ya kumbura. A gidan suna na zauna cikin mata ina ba da lacca, cewa bidanji dabarar masu sayar da mai ce kawai, ga tawa motar shekara guda ba a juye ba kuma tana hawan dutsin Buza da kaya har sama. Wata da mijinta ke da mota ta ce za ta gaya masa. Ina roƙon Allah ya sa bai saurare ta ba. A zuciyata kuwa ba masu mai nake tunani ba, cewa nake hannun maigida ne ke da albarka.

Lokacin na fara bin motar da kaina, ina ɗan sarin albasa. Wata rana da rani, rana ta take tsaka, muna hawan tudu kafin Deule, sai inji ya fara shessheƙa, ya ja, ya saki, ya mutu. Wurin babu inuwa sai ƙaya da duwatsu. Mutum goma sha a baya, da awaki, da wata tsohuwa da ta fito daga jinya tana komawa gida. Aka sa duwatsu a bayan taya. Na sauka, na ce shi ke nan, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Na kashe motar. Na kashe abincin marayu saboda abin da ko faɗinsa ba na iya yi.

Direba ya buɗe gaba, ya kwance wata ƴar ƙusa a gindin filtar gazuwal, ruwa ya tsiyayo. Ya ce gazuwal ɗin kwalba da muka sha a bakin hanya ne ke da ruwa, ba wani abu ba. Ya yi ta danna ɗan famfon da ke saman filtar, ya buga, ta ƙi, ya sake. Mun fi awa biyu kafin ta tashi. Duk lokacin ina riƙe da gyalena bisa kan tsohuwar nan, tana ta sa mini albarka, kowace albarka kamar mari. Maganar ruwan kuwa ban yarda da ita ba, na ce rufa mini asiri kawai yake yi gaban mutane. Kafin mu isa Buza na yanke shawara.

Da muka dawo gida na samo bido, wato jarka, na wanke shi da sabulu sau uku, na shanya ya bushe. Tunda dole a juye, to a juye a hannuna, in kai ɗaki in aje. Na gaya wa direba gobe za a yi bidanji. Na zaci zai yi murna. Sai ya ce ba sai na wahala ba, shi zai kai ta. Na ce ƙafata ƙafarsa. Ya ce gareji ba wurin mata ba ne, na ce tasha ma an ce haka. Da safe na yi wanka, na ɗaura zanen da nake zuwa biki da shi, na naɗe bidon a cikin gyale, na shiga gaba na zauna kamar mai rakiyar gawa.

Makanisiyen wani ƙaton mutum ne mai fara'a, bai san ni ba, amma ya san motar. A gareji duk macen da ke da mota Hajiya ce. Na gaya masa abin da ya kawo mu. Ya dubi direba, ya dube ni.

"Bidanji kuma, Hajiya? Ai sati ukku ke nan da munka yi. Mai na nan da sauran ƙarhinai, kar ki yi ɓanna."

Na ce, "Wane bidanji kunka yi?"

Bawan Allah bai ga idon da direba ke yi masa ba. Ya shiga lissafi da yatsu, ya ce wannan da an yi shi ne zai zama na takwas, na farko tun mai motar bai daɗe da rasuwa ba. Ya ƙara da cewa duk cikin masu kawo masa mota, wannan dattijon kaɗai ne ke sa a ɗaura sabuwar filta sannan a shafe ta da baƙin mai da ƙasa, kuma ya hana a rataya sabon kwali. Na ce to baƙin da nake gani kullum fa? Ya yi dariya ya ce haka man injin gazuwal yake, ko yau aka zuba, kafin a je Bangi a dawo ya yi baƙi.

Ashe shekara guda man direba nake sunsuna, wanda yake saya daga aljihunsa. Rashin sani ya fi dare duhu. Na juya kansa da niyyar in wanke shi tas, bakin nan nawa ya cika fal da magana. Ya cire hula ya riƙe.

"Uwargida, ki gahwarce ni. In ba a juye ba inji shina mutuwa, in ya mutu mi ɗiyan maigida za su ci? Kuma na san ba tsada ta ba. Ranar da yay yi bidanjin nan ina zaune bakin zaure, na ga wadda tar riƙa mai mazurari."

Duk maganar da na tara ta zube. Ban san wanne ya fi ƙona ni ba, man da ya tafi ko asirin da nake ta rufewa ashe a buɗe yake tun ranar farko. Na zauna bisa wata tsohuwar taya, da zanen bikina, da bidon da ba komai a ciki. Makanisiye ya gane ya taka wani abu, ya sulale ya shige ƙarƙashin wata mota da ba ta buƙatarsa.

Can na ce, "To man da maigida yaz zuba hwa? Ina anka kai shi?"

Direba ya ce a ranar da aka juye shi wani Buzu ya zo garejin yana neman baƙin mai, raƙuminsa na fama da ƙazuwa a wuya da kafaɗa. Makiyaya kan shafa musu shi, ko da yake likitocin dabbobi suna hanawa. Ya ce ya ga mutum biyu suna jira da galan, masu shafa wa azara don gara, amma Buzun ya ba, duka, don maigida ma in ya juye mai makiyaya yake ba.

"Ya warke?"

"Ban sani ba, uwargida. Arewa yan nuhwa, wajen Keita."

Sai dariya ta kama ni, irin wadda ba ta da kyau, ta juye ta zama kuka a gaban masu faci da masu walda. Ina nan ina murza yatsa kowace safiya, abin da nake gadi yana can a wuyan raƙumi yana kiwo a dawa. Ranar ban yi wa direba godiya ba, na yi kwana uku ba na amsa gaisuwarsa da kyau. A na huɗu na aika masa da tuwo da zabi biyu, ya gane.

Yanzu bidanji kan lokaci ake yi, ni ke tunawa kafin shi. Ina nan ina bin mota, a gaba nake zama. In mun wuce Buza muka ga raƙuma suna ƙetare hanya ko suna cin ƙaya a gefe, nakan ce wa direba ya rage gudu. Na san shekaru sun wuce, gashi ya fito ya zube sau nawa, babu wani tabo da zai rage. Fasinjoji a baya su yi ta buga rufi suna cewa kasuwa za ta watse. Shi dai ya rage, bai taɓa tambayata dalili ba. Ni in duba wuyan na gefena ɗaya bayan ɗaya, shi ma yana duba na gefensa.