Masta Seidu ya tafi, makullai shida na aljihuna

Ina cikin ɗaga ƙofar shago da safen nan aka kira ni. Wai Masta Seidu na Maamobi ya rasu bayan sallar asuba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.



Kun san ni. Ban gaji ko kusa ɗaya daga ubana ba, sakandare ma da ƙyar na kai ƙarshe. Shagona na Nima da injin yankan makulli biyu, gumina ne. Amma mutum ɗaya ne ba na ɗaga wa murya, shi ne wannan tsohon da ya koya mini aiki.

Shekara huɗu ina ƙarƙashinsa, kullum sai ya raba kokonsa da ƙosai biyu, ya turo mini rabi. Ranar da na lalata kubar wata Hajiya, cewa ya yi shi ya lalata.

Alhamis ɗin da ta wuce na je wurinsa bayan la'asar, ina ta cika baki. Na ba shi labarin wani Alhaji mai siton shinkafa a unguwar Malam. Na sa masa kuba shida, wata biyu ke nan ko sidi ɗaya bai ba ni ba, wayata ma ya daina ɗauka. Kowace kuba da makulli uku take zuwa. Na ba shi bibbiyu, na gaya masa na ukun sai ranar da ya biya.

Na kaɗa makullan shida a gaban Masta ina dariya.

Bai yi dariya ba.

Ya ce, "Ɗana, kai a ganinka wuyansa ka riƙe? Naka ka miƙa masa. Ranar da buhu ɗaya ya ɓace a siton nan, duk Accra sunan wa za a kira?"

Na ce, "Haba Masta, zamani ya canja. Mutanen yanzu sai da haka."

Ya ce, "Zamanin ne zai je ofishin 'yan sanda ya tsaya maka? Litinin ka zo, mu hau motar trotro tare. Ka mayar masa a gaban shaidu, ni zan yi magana. Maganar kuɗin kuma mu kai ta gaban liman."

Na ce ni ba yaro ba ne da za a riƙe wa hannu. Haka na faɗa masa, Allah Ya yafe mini. Ya ce in gaida gida.

Litinin ban je ba.

Jiya da rana Alhajin da ke gudun wayata ya kira ni sau huɗu. Ban ɗauka ba, na ce shi ma ya ɗanɗana. Sai yanzu na saurari saƙon muryar da ya bari. An kwashe kaya a sito, kuma ba a fasa ko ƙofa ɗaya ba. Ya ce shi da mutanensa suna jirana a siton.

Wallahi tun ranar da na gama aikin ƙafata ba ta sake taka wurin ba. Mutumin da zai faɗi haka a yarda da shi, yau bayan azahar za mu sa shi a ƙasa.

Daga maƙabarta, unguwar Malam zan wuce, ni kaɗai.

Allah Ka gafarta wa Masta Seidu, Ka yalwata kabarinsa, Ka ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a. In ya gama, ni ma ya sa ni a ciki.