Yadda Na Koya wa Gwaggo Murtuke Fuska

Ba a daɗe da yanke jihar Kebbi ba aka tura ni wani ƙaramin asibiti a Jega, ina sabuwar ungozoma. Ban yi aure ba, ga farin kaya mai sitaci, ga kunya kamar ta kashe ni. Haihuwa zan iya karɓa, amma in ambaci sunan wurin da ɗan ya fito da Hausa, sai harshena ya sarƙe.

Wata ranar kasuwa ƙanwar mahaifina ta zo daga Jiga Birni. Ta jira layi ya ƙare, sannan ta tura ƙofa.

"Ɗiyata, wani abu na saukowa ƙasa in na ɗau kaya. In na yi tari kuma, zane shi jiƙe."

Na duba ta ina kallon rufi fiye da inda ya kamata. Mahaifa ce ta fara zazzagowa, bayan haihuwa da yawa da ɗaukar buhunan albasa. Na gyara murya na zayyana mata hanyoyin da aka koya mana: a ƙarfafa tsokar wurin da matsewa kullum, ko a sa zoben roba ya tokare mahaifar, ko a yi aiki a babban asibiti.

"Aiki dai a'a, albasa ba ta jira. Wagga matsewa hwa, ƙaƙa ake yin ta?"

A nan na faɗa rami. Maimakon in ce ta yi kamar mai riƙe fitsari, sai na ce, "Gwaggo, ki matse can, haka." Na gwada mata ina zaune. Ni a tunanina ƙasa nake matsewa. Ashe abin da ta gani shi ne ido a runtse, haƙora a cije, hanci a tattare. Ta gyaɗa kai ta tafi.

Bayan wasu makonni na je bikin suna a Jiga Birni. Na tarar da Gwaggo da maƙwabtanta suna tsince albasa a tsakar gida, suna hira. Can sai ta ce, "To, lokaci ya yi," duk suka murtuke fuska kamar an ba su maɗaci, sannan suka saki.

"Gwaggo, me ke nan?"

"Maganin da kinka ba ni mana. Na koya musu, su ma suna da lalurar. Sai dai har yau ba mu ga sauƙi ba."

Na so ƙasa ta tsage. Amma ga mata a gabana masu ciwon da ba su taɓa kai shi asibiti ba, sun zuba min ido. Na ja su ɗaki, na rufe ƙofa, na kira komai da sunansa, gumi na bin wuyana. Dariyar da suka yi har sai da mai gidan ya yi gyaran murya daga zaure.

Daga nan tambayoyi suka ɓarke. Zoben yana hana salla? Ba ya hanawa. Maigida zai ji shi? Ya danganta, ana iya cirewa. Bayan aiki yaushe za a koma ɗaukar tulu? Wannan na ce ban sani ba, sai mun tambayi likita tare.

Mun je kuwa. Gwaggo ta zaɓi zobe, tana zuwa ina cire mata ana wankewa. Maƙwabciyarta, wadda tata mahaifar ta fito sosai, ta shawarci mijinta ta yi aiki bayan an kwashe amfanin gona, ta warke sumul. Wata matashiya mai ɗigon fitsari kawai ta tsaya kan matsewar, ta gaskiya wannan karon. Ɗaya kuma ta ce ita a bar ta tukuna, sai bayan shekara ta aiko a gaya min ta shirya, wai in tanadar mata zobe irin na Gwaggo.