Kwano Mai Jan Fenti

Fannami manomin tattasai ne a bakin kogin Komadugu, kuma in ka cire taba, ba za ka samu abin da za ka zarge shi da shi ba. Gidansu na gefen garin Diffa ta wajen kogi, gida ɗaya da ƙanensa Tahiru. Tun rasuwar mahaifinsu ba su raba gona ba, ba su raba kwano ba. Kullum bayan azahar a shimfiɗa tabarma a zaure, a kawo burabusko da miyar bandar kifi a babban kwano, mazan gidan su kewaye shi. Fannami ne ke fara sa hannu, shi ne kuma ke gutsura kifi yana tura wa kowa gabansa. Ba mutum ne mai yawan magana ba. Duk abin da yake ji game da iyalinsa, a wannan turin kifin yake faɗinsa.

Tarin ya fara ne a shekarar 1998, lokacin shanyar tattasai. A wannan lokacin kowa a kwarin tari yake yi. Ana shanya jan tattasai a kan rairayi, ana juya shi, ana dura shi a buhu, yajin ya shiga hanci da maƙogwaro har jakuna ma atishawa suke. Saboda haka ba wanda ya kula. Sai da buhunan suka ƙare, motoci suka kwashe su zuwa Najeriya, kowa ya daina tari, shi bai daina ba. Ranar da matarsa Zainaba ta ga jini a hannun rigarsa aka kai shi gidan likita. Aka ce tarin fuka ne, aka ba shi ƙwayoyi na wata takwas, aka ce a ware masa kwanonsa da mazubin ruwansa.

Tahiru ne da kansa ya ɗauko jan fentin da suke yi wa buhunansu alama, ya kifa wani ƙaramin kwano, ya zana masa irin alamar gidan, da'ira da layi a tsakiya. Fannami yana zaune yana kallo. Bai hana shi ba, don a lokacin shi ma yana tsoron ya sa wa yara ciwo. Amma ya ji zafin ganin alamar da ake yi wa kayan da za a fitar daga gida a kan kwanon da zai ci abinci.

Wata takwas suka cika, tari na nan, jiki na ta zubewa. Aka tsallaka da shi Maiduguri. Can wani likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa ga haske, ya ce wannan ba fuka ba ce, ciwon daji ne na huhu, kuma ba a ɗaukarsa ko da a kwano ɗaya ake ci. Tahiru na tsaye a wurin, da kunnensa ya ji. Aka yi wa Fannami aiki, aka cire wani ɓangare na huhun, ya dawo gida da dogon tabo a haƙarƙari da numfashin da ba ya kai shi ƙarshen kunya ɗaya a gona. Ya bar taba. Ya koma babban kwano, ya ci gaba da tura kifi. Ƙaramin kwanon ya ɓace, shi kuma ya ɗauka an jefar da shi.

Shekara huɗu ya samu yana lafiya. A ta biyar tarin ya dawo, ya koma Maiduguri, aka ce abin ya sake tsirowa, wannan karon ba maganar yanka, sai dai ruwan magani da za a riƙa sa masa a jijiya lokaci-lokaci. Ya iso gida da la'asar, bai ma gama faɗa musu abin da aka ce ba, sai ga abinci an kawo masa a kwano mai jan fenti. Ko tsatsa bai yi ba. Ashe a leda aka ƙulle shi, aka ɗora can saman kayan ɗaki, ana ajiyarsa.

Wannan ya fi maganar likita yi masa ciwo. Shekara huɗu yana cin abinci da mutanen da ke jiran ranar da za su sauko da kwanon.

Ya tuna wa Tahiru abin da aka faɗa a gabansa. Tahiru ya sunkuyar da kai, ya ce ai wanda ya ce fuka ce da farko shi ma likita ne, to wanne za a bi, kuma akwai jikoki a gidan. Ya ƙara da cewa in tarin ya lafa za a koma yadda ake. Fannami ya san tarin nan ba zai lafa ba. Abin da yake so ɗaya ne tak: kafin ya mutu, ƙanensa ya sa hannu a kwanonsa sau ɗaya.

A tashar mota ya haɗu da Halilu. Ranar Talata ce, ranar kasuwa, yana jiran motar Maiduguri ta cika, ya rungume babbar ambulan ɗin hotunan ƙirjinsa. Sai wani dogon Bafulatani, makiyayi daga wajen Foulatari, wato Halilun, ya zauna kusa da shi riƙe da irin wannan ambulan, ya dube shi sama da ƙasa.

"Babarbare, kai ma sun ɗauki hoton cikinka? Me suka gani, ban da tattasai?"

Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni, amma Fannami ya manta rabon da wani ya tsokane shi. Tun da ciwon ya dawo, kowa sannu yake ce masa da ƙaramar murya, daga nesa. Ya ce ai gara shi, na Bafulatani da aka duba nono kawai aka tarar ya yi tsami. Suka yi dariya har tari ya sarƙe su su biyun. Halilu ya sayi shayi, ya kurɓa, ya miƙa masa kofin. Fannami ya riƙe kofin ya daɗe bai sha ba, don idonsa ya cika da ƙwalla.

Ciwonsu ɗaya, na Halilu ma dawowa ya yi. Ta hannun Halilu ne Fannami ya san Kalli, tsohon direba mai ciwon a maƙogwaro, da Mariyama mai sayar da kifi wadda aka cire wa nono. Ba ƙungiya ba ce, ba takarda, ba shugaba. Duk Talata dai suna haɗuwa a benci na mai shayin tasha, ko da ba mai tafiya. Mariyama ce ta gaya masa kunun tsamiya ne kaɗai ke zama a ciki bayan ruwan magani. Kalli ya koya masa kwanciya a jingine don numfashi. A nan ne kawai yake iya cewa yana jin tsoro ba tare da an ce masa ya yi shiru ya dogara ga Allah ba, kamar dai shi bai san Allah ba. Kuma mazan a kwano ɗaya suke ci.

Da ya ba Halilu labarin jan fenti, Halilu bai yi wasa ba. Ya ce zai zo gidan, ya ci a kwanon a gaban kowa, in ƙanen ya ga baƙo ya ci, kunya za ta sa shi ma ya ci.

Talatar da ta biyo suka tafi tare bayan azahar. Sun tarar mazan gidan sun fara cin abinci a zaure. Aka yi gaisuwa, Zainaba ta aiko da kwanon Fannami, aka ajiye shi a gefen tabarma inda aka saba. Halilu ya wanke hannu, ya yi bismilla, ya ci loma uku manya. Fannami ya gutsuro tsokar kifi, ya tura ta gefen kwanon da ke fuskantar ƙanensa, kamar yadda ya yi shekara talatin.

"Tahiru, matso ka sa hannu."

Tahiru ya dubi kifin, ya dubi bango.

"Ya Fannami, yi haƙuri. Azumi nake yi."

Man miya na sheƙi a yatsunsa huɗu. Kowa ya gani, shi ma ya san an gani. Fannami bai kunyata shi ba. Ya ce Allah ya karɓa, ya ɗauki tsokar ya tura wa Halilu, suka cinye abincin su biyu.

Da suka gama, ya wanke kwanon da kansa a bakin randa, ya sa shi a hammata tare da ambulan, ya raka baƙonsa tasha. Tafiyar da yaro zai yi a minti goma, sai da suka tsaya sau huɗu suna neman numfashi. Ya ba mai shayi kwanon ya ce a ajiye masa, a nan zai riƙa ci.

Wata bakwai ya ƙara a duniya bayan haka. A gida shayi kawai yake sha da kunun tsamiya a ɗakinsa, bai ƙara zama a zaure ba, ba wanda kuma ya tambaye shi ina kwanon ya shiga. Ranar Talata kuwa, ko da a kan amalanke ne sai an kai shi tasha. A can yake gutsura kifi yana tura wa Halilu da Kalli.