Tayar da Na Cika wa Yaya Iska

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar yayana Haruna, kuma har yau in na ga ciyawar da aka yanke sai na duƙa na duba ko ta yi daidai. Jikokina suna cewa tsufa ne. Na bar su a haka.

A shekarun saba'in Yaya yana aikin lambu a gidan wani kamfanin Turawa a unguwar Bagdadiyya da ke Jidda. Ciyawa a Jidda a lokacin abin kallo ce, ruwan sha ma da tanka ake kawo shi. Aka sayo injin yankan ciyawa irin wanda ake hawa, aka danƙa masa. Ni kuwa facin keke nake yi a unguwar Sharafiyya, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro taya.

Wata rana ƙusa ta huda tayar injin ta hagu, ya kwance ta ya kawo mini. Na yi faci, na yi ta ɗura mata iska har ta yi tauri kamar dutse, don a wurinmu masu keke, tayar da yatsa zai lotsa ba ta cika ba.

Tun daga ranar yanka ya lalace. Duk inda ya bi sai gefe guda ya fi tsawo, filin ya koma kamar kunyoyin gona. Kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya ba shi mako guda: in bai gyara ba, halas, shi ke nan, ba aiki, ba iƙama, takardar izinin zama. Yaya ya wasa wuƙaƙen injin, ya sake wasa su, ya kwanta a ƙarƙashinsa cikin zafin nan na Jidda yana ɗaure noti. A kwana na huɗu na kai masa abinci, na ga injin a kan siminti ya ɗan karkace, hagu ta fi dama tudu. Nan take na gane. Amma girman kai ya hana ni magana, kada a ce gwanin Sharafiyya bai iya taya ba. Na ajiye kwano na yi tafiyata.

Sai a kwana na shida ya gano, bayan ya auna tsakanin wuƙa da ƙasa da ɗan kara, dama da hagu. Ya rage iskar da tsinken ashana. Da kafili ya tambaya, Yaya ya ce masa cikin girmamawa irin ta Larabawa, "Ni ne, ya ammi, hannuna ya yi nauyi." Da yamma ya biyo ta rumfata, ya latsa tayar wani keke, ya ce, "Sani, injin nan fa ba keke ba ne. Yalla, zuba mana shayi." Bai sake ta da maganar ba har ya koma ga Allah.

Yanzu an rushe gidan, an kafa bene, a ƙofarsa an shimfiɗa ciyawar roba. Da Yaya zai gan ta, na san sai ya shafa ta ya tambayi wa ke ba ta ruwa, kuma in an yi masa dariya shi ma ya yi.

Bai bar mana gadon gida ba, bai bar gona ba. Abin da ya bari shi ne irin rufin asirin da ya yi mini, kuma ina kewarsa ƙwarai. Kuskuren iskar ya yafe mini tun kafin shayin ya huce. Shirun kwana biyun nan kuwa, ban sani ba ko ya san da shi. Duk wanda zan tambaya ya riga ni tafiya.