Ƙaramar Jakar Don Ubaldo

Da asuba na same shi a bakin rumfar itace, ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ɗaya ƙafar kuma ya miƙe ta gefe don ta daina lanƙwasuwa yadda ya kamata. Jakunkunan goyo biyu ne a gabansa. Ɗaya tsohuwarsa ce ta tamfol, wadda ya ɗinka da hannunsa a kan sandunan gora tun kafin matarsa ta rasu, ta yi baƙi ƙirin da jini da hayaƙi. Ɗayar sabuwa ce, ja, ko rabin tsohuwar ba ta kai ba. 'Yarsa Fresia ce ta sayo masa daga garin Junín, kuma tana tsaye a bakin ƙofa da ƙoƙon shayin mate a hannu, tana jiran ta ga wadda zai ɗauka.

Ni dakon itace nake yi a mota. Aikina da wannan dattijo, Don Ubaldo Painemil, bai wuce in kai shi inda hanya ta ƙare ba duk watan Maris, lokacin da mazan barewa ke ruri a tsaunuka, in kuma koma in ɗauko shi ranar da muka yi da shi. Mun yi shekaru muna haka. Ban taɓa hawa da shi ba. Ƙurar zarto ta gama da ƙirjina tun ina saurayi.

Shi ba mai neman ƙaho ba ne. Ƙaho na baƙi ne da ke zuwa gidan gona su harbi babban namiji su ɗauki hoto. Mai gonar ya yardar masa da tsohuwar barewa mace ɗaya a shekara, a wani kwari da ke can bayan duwatsu, inda gora ta cunkushe, itatuwa suka faɗi kan juna, doki ba ya shiga. Duk abin da zai fito daga kwarin nan a bayan mutum zai fito. Don haka ya ɗinka jakar da girman da har mutane ke tsokanarsa.

"Don Ubaldo, ƙaura za ka yi ne?"

"Ku dai ku tanadi gishiri," in ji shi.

Idan zai hau, jakar a saɓule take kamar cikin tsohuwar tunkiya: bargo, burodi, ganyen mate, gishiri, wuƙa, da ɗan tamfol na kwana. Ya sha faɗa mini cewa ba don tafiya yake auna jaka ba, don dawowa yake auna ta. Idan ya harbe, nan take zai feɗe, ya zare ƙasusuwa, ya cusa naman gaba ɗaya a ciki, ya sauko a duƙe kamar mai neman allura a ƙasa. Abin da yake bar wa ungulu da puma, damisar tsaunukan nan, bai wuce hanji da ƙashi ba. Naman kuwa a yanyana shi a shanya, ya ishi gidansa har ƙarshen sanyi, ya kuma kai wa gidan Doña Eulogia da mijinta ya mutu, da wasu gidaje biyu da ba su taɓa roƙa ba, shi ma bai taɓa cewa ya ba su ba. Na san mutane da yawa masu daɗin baki a wannan kwarin namu. Shi nama yake ajiyewa a ƙofa ya wuce.

Gwiwar ce ta ci amanarsa. Likita a San Martín ya duba ta ya ce gaɓar ta cinye, tafiya da ɗan kaya ba laifi, amma in ya sake ɗora mata nauyin barewa guda, to ya yi sallama da dutse, wataƙila ma da tafiya. Shi ne Fresia ta je ta sayo ƙaramar.

"Baba, na san ka," ta ce masa a wannan asubar. "Duk gurbin da ka gani a jaka sai ka cika shi. Wannan ko ka so ba za ta karɓa ba. Ka ɗauko naman gadon baya da cinya ɗaya, ka bar sauran."

"In bar wa wa?"

"Ka bar wa puma. Ita ma tana da 'ya'ya."

"Ta yi nata farautar mana. Ƙafa huɗu gare ta, ni ɗaya da rabi."

"To ka zauna a gida."

Ya ɗaga jar jakar da yatsa biyu ya juyo gare ni. "Rufino, dubi abin da aka saya mini. Jakar 'yan makaranta. Saura allo da fensir."

Na ce ni direba ne, ba a sa ni a shari'ar uba da 'ya ba. Amma a raina na ga kowannensu yana da gaskiya, abin da ya sa ban ji daɗin safiyar ba ke nan. Ya daɗe yana shafa maɗaurin tsohuwar, sannan ya tura ta cikin rumfa da ƙafa, ya zuba kayansa a cikin sabuwar. Bargon ma sai a waje ya ɗaure shi.

"Gadon baya da cinya ɗaya," in ji Fresia.

"To," ya ce.

Na ji wannan "to" ɗin. Ban ba shi nauyi ba.

Ranar da muka yi zan ɗauko shi na isa ƙarshen hanya da hantsi. Ba ya nan. Amma a inuwar wata bishiya kusa da rafi, ga nama a rataye cikin buhunan yadi, an ɗaure su sama yadda dila ba zai kai ba. Na taɓa su. Cinyoyi biyu, kafaɗu biyu, gadon baya. Wannan ya fi ƙarfin jar jakar nesa ba kusa ba. Na duba laka a bakin rafin, sai ga sawun takalminsa ya sauko, ya koma, ya sake saukowa, ya sake komawa. A sawun ƙarshe ƙafar hagu ba ta taka ƙasa sosai, jan ta yake yi.

Na hau ina tari ina hutawa. Ban yi nisa can ba na hango jan abu a kan gangaren tsakuwa. Yana zaune ne, yana saukowa da mazaunai, ya tokare da hannu biyu, ya jawo jiki, ya huta, ya sake. Bindigar ya ɗaure ta a ƙirji. Wandon ya tsaga shi da wuƙa daga gwiwa zuwa ƙasa, gwiwar ta kumbura kamar kabewa.

"Ka makara, Rufino," ya ce.

"Kai ne ba ka nan. Sawu nawa ka yi?"

"Wannan na uku. Da babbar ce, sau ɗaya zan sauko."

"Da ka bi maganar yarinyar nan ma sau ɗaya za ka sauko."

"Na bi ai. Na sauko da gadon baya da cinya ɗaya, na rataye, na zauna na sha mate. Sai na ɗaga kai na ga ungulaye sun fara kewaya wurin." Ya share gumi da hularsa. "Ban iya zaman ba."

"Me ke cikin wannan?"

"Haƙarƙari da wuya."

Na zage shi, ba zan ɓoye ba. Na ce tsoho da furfura ya sayar da ƙafarsa a kan haƙarƙari. Ya zare maɗaurin jakar daga kafaɗarsa ya miƙo mini, abin da bai taɓa yarda wani ya yi masa ba. Na goya jakar, ya rataya hannu a wuyana, muka sauko muna faɗuwa muna tashi kamar mashaya biyu.

Kafin a wuce da shi asibiti sai da ya sa na tsaya a ƙofar Doña Eulogia na ajiye kafaɗa ɗaya. Da muka biya gidansa, Fresia ta ga jakar a hannuna, ta ga ƙafar, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi masa faɗa ba. Naman nan dai ko tsinke ba ta sa a bakinta ba duk sanyin shekarar.

An yi masa aiki. Ƙafar ta warke a miƙe, ba ta sake lanƙwasuwa ba. Wata rana na kai musu itace, Fresia ta biyo ni bakin mota.

"Don Rufino, da na bar shi da tsohuwar jakarsa fa? Da sau ɗaya ya sauko."

Na ce mata da nauyin barewa guda a kan wannan gangaren, da wataƙila gawarsa zan ɗauko. Gaskiyar ita ce ban sani ba, har yau ban sani ba. Na dai faɗi abin da zai sa ta yi barci.

Shi kuwa bai taɓa ɗora wa jakar laifi ba, bai ɗora wa 'yarsa ba. Sau ɗaya tak ya taɓo maganar. Muna zaune gaban murhu, dusar ƙanƙara ta rufe hanya, ya ɗora ƙafar a kan kujera.

"Ka san haƙarƙarin nan, Rufino? Ko miyarsu ba ta yi daɗi ba. Tsohuwa ce, duk jijiya." Ya juya ƙoƙon mate a hannunsa. "Da na bar wa ungulu su, da yanzu ina gyaran takalmi ina jiran Maris."

Na miƙa hannu na karɓi ƙoƙon.

Tsohuwar jakar tana nan a rumfa, dankali ake zubawa a ciki. Bindigar ya ba surukinsa, wanda ke harbi kusa da hanya ya ɗora a doki.

Ganina da shi na ƙarshe a Maris ɗin da ya biyo baya ne, kafin Fresia ta tafi da shi gari. Na zo da itace da sassafe, na gan shi a tsakiyar makiyaya da sanduna biyu, jar jakar a bayansa, yana jan ƙafa zuwa ƙofar shinge ta can sama, inda in iska ta juyo ake jiyo rurin barewa daga kwari. Na rage gudu na leƙo.

"Hau in kai ka, tsoho."

"Wuce da itacenka. Wannan kayan ina iya shi."

Na tsaya ina kallo har ya isa. Ya jingine sandunan, ya sauke jakar, ya ciro gorar ruwan zafi da guntun burodi. Sannan ya zauna a kan jakar, ya zuba ruwa a ƙoƙo, ya juya kunnensa mai ji wajen dutsen.