Ƙusa Takwas na Kawu

Kawuna kafintan rufi ne, shekara talatin da 'yan kai yana hawa tsani. Taurin kai gare shi, ni ma a wurinsa na gada. Abin alfaharinsa ɗaya ne, bai taɓa zare ƙusar da ya kafa ba. In ka ce aikinsa ya karkace, sai ya ce idonka ne.

Wata Laraba hedimastan makarantar unguwarmu ya kira shi ya toshe wata kafa a rufin ɗakin ajiya. Masu duba makarantu za su zo washegari, ga warin kashin jemagu ya cika ɗakin. Kawu ya yi yadda ya saba. Da hantsi ya ɗora katako, ya buga ƙusa takwas, ya sauko yana kaɗe hannu. Ko a ransa bai kawo cewa da rana jemage yana gida ba.

Da azahar sai ga malamar kimiyya a guje. Ashe shekara biyu ke nan tana ƙirga jemagun rufin nan. Ba su kai babban yatsa girma ba, kuma masu bincike sun gaya mata irinsu sun kusa ƙarewa a duniya.

"Baba, ka rufe su da 'ya'yansu a ciki! Kwanon nan ya ɗau zafi, ba za su kai la'asar ba."

Kawu ya yi kunnen uwar shegu, yana ta haɗa kayansa.

Hedimasta ya leƙo ya ce, "Duk wanda ya taɓa katakon nan, shi da aiki a makarantar nan har abada."

Rabin abincin gidan Kawu daga gyaran bencina da tagogin makarantar yake fitowa. Gaba kura, baya sayaki.

Malama ta ce, "Baba, don Allah, hau ka kara kunne kawai."

Sai da ya ja lokaci yana gunaguni kafin ya hau. Kwano ya ƙona masa kunne. Can ciki ya ji kuka siriri kamar na 'yan tsaki, yana raguwa.

Ya juya guduma. Ɗaya bayan ɗaya ya zare ƙusoshin, hedimasta na ta faɗa a ƙasa. Da katakon ya fita, jemagu uku suka faɗo a tafinsa, matattu. Sauran suna motsi.

Hedimasta ya cika maganarsa, kuma gidan Kawu ya ji jiki a shekarar. Na ji haushin abin ƙwarai, har na tambaye shi ko ya yi nadama.

Ya ce, "Na yi mana. Da na hau tun da ta buɗe baki, da ukun nan suna nan."