Muryar Mai Taurari

A gidan kimiyya akwai wani ɗaki mai rufi kamar an kifa ƙwarya, inda ake kashe fitilu da rana tsaka a haska taurari a sama. Nan wani da ake kira Mai Taurari ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yi wa baƙi bayani. Ba masani ba ne, haddace abin da masana suka rubuta ya yi, amma in ya buɗe baki ko tari ba ka ji. A gida kuwa, ko sannu sai an roƙe shi.

Ƙarshen nunin ya fi ƙauna. Sai ya sassauta murya ya ce da fari sararin samaniya cike yake da wata iska mai tare haske, kamar hayaƙin ɗanyen itace, har taurarin farko da wasu manyan fitilu da ake kira kwezar suka ƙone ta, hanya ta buɗe.

"Kun ga ɗigon can?" in ji shi. "Haskensa ya taso tun ba a yi ƙasar da muke takawa ba, sai yanzu ya iso. Wataƙila fitilar ta daɗe da mutuwa."

Burinsa ɗaya ne, matarsa ta zo ta ji shi. Ita kuwa kullum, "Haba Malam, taurarin guduwa za su yi? Bari yara su tasa." Yara suka tasa, jikoki suka zo.

Sai muryar ta fara dishewa. Ya raina abin, har likita ya ce ciwon daji ne a maƙogwaro, dole a cire, muryar kuma ba za ta dawo ba. Shugaban gidan kimiyyar ya sa aka naɗi bayaninsa kafin aikin. Alheri ne, sai dai ya makara, don lokacin muryar ta koma kamar ana jan buhu a siminti.

Bayan ya fito daga asibiti, ba wanda ya roƙi matarsa, ta yafa mayafi ta bi shi gidan kimiyyar. Suka zauna a kujerun baya. Aka kashe fitilu, muryar nan mai kaushi ta cika ɗakin, tana yankewa tana haki.

Ta damƙi hannunsa, hawaye na zuba. "Malam, ashe haka ka iya magana?"

Ya so ya ce mata a'a, wannan ragowa ce, da ta zo da wuri da ta ji ta gaske. Ya buɗe baki, iska kawai ta fito. Sai ya gyaɗa mata kai.